Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Fifita a Gaban Surukina

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da abin da Lawali ya yi mini ba. Mutumin nan ya tsaya a bayana, yana ganin abin da ya lalace da idonsa biyu, ya san gyaransa bai wuce a taɓa wuri ɗaya da yatsa ba, ya yi gum da bakinsa, ya bar ni a durƙushe ina yi wa kwamfuta fifita a gaban surukina. Ba ma shirun kaɗai ba. Shi ya miƙo mini abin fifitar da hannunsa. Kuma duk wanda na kai wa ƙara sai ya fashe da dariya ya ce, "Haba, ai taubashinka ne." Na ji, taubashina ne, ɗan ƙanwar babana ne, wasa ya halatta tsakaninmu. Amma wasan da ake yi a ƙofar gida daban, wanda ake yi wa magidanci a gaban uban matarsa daban.

Ni dai mai buga tafireta ne. A aji uku na bar sakandare (kada a tambaye ni dalili, dalilin ya rasu, Allah ya jiƙansa), na koyi buga takarda, na yi shekaru ina ƙwanƙwasa a shagon Oga Sunday da ke wajen Tudun Wada a Gusau. Da aka ba mu jiha sai garin ya rikice da takardu. Kowa yana neman aiki, kowa yana neman kwangila, har wanda bai taɓa gina akurkin kaji ba yana so a buga masa cewa shi ɗan kwangilar gine-gine ne. Wajen shekara biyu da samun jihar, Oga ya ga tafireta ba za ta ɗauki wannan kasuwa ba, ya sayo kwamfuta. Ya sa aka yanke mata ɗaki da katako a cikin shagon, aka shimfiɗa kafet, aka sa na'urar sanyi, aka kafa doka cewa ba mai shiga da takalmi. Ni da na yi shekaru ina gumi a shagon ko fanka mai kirki ba a taɓa saya mini ba.

Sai aka rasa wanda zai tuƙa ta. Ni da bakina na ce wa Oga ina da ɗan'uwa a Tsafe da ya yi karatun abin a Kaduna, yana zaune ba aiki. Ni na hau mota na je na ɗauko shi. A rubuta wannan a ajiye.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, Lawali ya iya koyarwa in ya ga dama. Waɗannan akwatunan da ke buɗewa a fuskar kwamfuta, kowanne da aikinsa a ciki, tagogi yake ce musu. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda wata ke hawa kan wata, ka buɗe wannan waccan ta ɓace, kamar an sace.

Ya ce, "Tsoho," (haka yake kirana, alhali tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai a kawo ba) "ka san kasuwar Tsafe ran Juma'a?"

Na ce, "Kafin a yi maka kaciya nake cin ta."

Ya ce, "To mai gero shi ke da geronsa, mai tukwane ita ke da tukwanenta, amma wa ke cewa kai zauna nan, ke koma can? Sarkin kasuwa. Nan ciki ma akwai mai raba wuri. Abin da ke cikin taga na mai tagar ne. Amma inda za ta zauna, da wadda za ta fito gaba, da wadda za ta koma baya, duk ba ikonta ba ne, roƙo take yi. Ko wannan ɗan gicciyen na lungu da kake dannawa ka rufe ta, ba nata ba ne, na mai raba wuri ne. Kai ka danna, shi kuma ya je ya ce mata ana so ki tashi. Tana iya cewa a dakata, ina da magana."

Wannan ya zauna mini daram. Cikin 'yan watanni ina ja da tagogi ina turawa kamar wanda ya gada. Lawali kuma ya haɗa wani shiri nasa na kansa na buga katin gayyata: ka sa sunan ango, ka sa na amarya, ka zaɓi furanni, ka danna, firinta ta tofo kati. Yana ji da shirin nan kamar ɗan fari.

Yanzu ga inda abin yake mini ciwo. Surukina Alhaji ɗan Bunguɗu ne, babban mai sayar da hatsi, mutum mai nauyi. Tunda na auri ɗiyarsa bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Fara ma bai taɓa gaya mini ba. Yana da wani surukin, mijin ƙanwar matata, wanda sabuwar jiha ta ba ofis da mota. In mun je gaisuwar Sallah, shi za a tambaya labarin gwamnati, ana gyaɗa kai. Ni kuwa Alhaji zai dube ni ta gefen ido ya ce, "Ana dai ta ƙwanƙwasawa?" In ce, "Ana yi, Baba." Shi ke nan rabona har wata Sallar. Ba kuɗinsa nake so ba, ba gonarsa ba. So nake rana ɗaya tak mutumin nan ya ga na iya wani abu da wancan mai motar bai iya ba.

Saboda haka da aka sa ranar auren autansa, na aika mai ɗakina ta gaya masa kada ya kai aikin kati ko'ina. Ya zo Gusau da kansa, a gaban idonsa zan buga da kwamfuta. (Ta ce mini, "Ka buga ka kai masa mana, dole sai ya zo?" Na ce mata ba ta san harkar maza ba. Har yau in ta so ta ɓata mini rai sai ta maimaita mini wannan.)

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi, tare da amininsa Baba Mande, wani tsoho mai baki kamar rediyo, wanda in ya ji magana da safe kafin la'asar ta kai Kwatarkwashi. Oga Sunday ya yi tafiya, daga ni sai Lawali. Na sha wanka, na sa farar shaddata ta Juma'a. Na tare su tun daga bakin titi, na durƙusa na gaishe su, na kawo su ƙofar ɗakin na ce cikin ladabi a cire takalmi.

Baba Mande ya leƙa ya ce, "Masallaci na?"

Na ce, "A'a Baba, ƙura ce ba ta so."

Ya ce, "Ikon Allah. Alhaji, ka ji hwa, wagga ta hi matanmu tsabta."

Suka shiga, sanyi ya buge su, suka yi salati. Kujera ɗaya ce a ɗakin, irin mai juyawa ɗin nan mai ƙafafun taya, wadda ake zama a kai a yi aiki. Na jawo ta na ce Alhaji ya zauna. Ya taɓa ta da hannu, ta juya da kanta. Ya ce shi ba ya zama kan abin da bai yanke shawarar inda ya fuskanta ba. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna a kan kafet, Baba Mande ya zauna kusa da shi.

To fa. Duk shirin da na kwana ina yi ban shirya wa wannan ba. Ni ne zan ɗare kujera in miƙe ƙafa, uban matata yana ƙasa, kansa daidai gwiwata? A Bunguɗu ko a kan babur na hango shi sauka nake yi. Na dubi kujera, na dubi Alhaji, sai na ture ta gefe na durƙusa a gaban tebur.

A zana hoton a zuci. Tebur mai tsawo, kwamfuta a kai, ni a ƙasa, haɓata daidai bakin tebur. Hannuna na dama a sama yana lalubar maus kamar mai neman ashana a kan katanga. Daga inda nake ina ganin saman fuskar kwamfutar da tsakiyarta sarai, amma can ƙasanta, gefen tebur da allon maɓallai sun tare mini. Ban damu ba. Na ce a raina me ake yi da ƙasa, aiki ai a tsakiya yake. Lawali ya jingina da bango a bayanmu, ya harɗe hannu, yana riƙe da damin fararen katunan da za a buga a kai.

Kuma wallahi da farko abin ya yi kyau. Kyau ma kai! Yatsuna sun san hanya ko a duhu. Na buga bismilla, na buga sunan iyalan Alhaji, sunan ya fito ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe. Baba Mande ya dafa kafaɗar amininsa.

"Alhaji, ga ka can cikin gilashi! Bai ko ɗauke hannu ba sunan ya hito!"

Na ƙara girman sunan, na rage, na mai da shi kore, na mai da shi ruwan zinariya. Na zagaye shi da furanni. Alhaji ya gyara zama, ya miƙa wuya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madalla."

Jama'a, madalla! Daga bakin Alhaji, zuwa gare ni! Na ji kamar an zuba mini zuma a kunne. Nan kaina ya fashe. Na fara abin da ba a sa ni ba. Na kama tagar na ja ta hagu, na ja ta dama, na ƙanƙance ta, na cika fuskar da ita, har ina yi musu bayanin sarkin kasuwa kamar ni na ƙirƙiro shi. Na ce, "Yanzu Baba ku dubi waccan na'urar, kati zai fito." Na danna wurin bugawa. Don zumuɗi ban tsaya ba, na ƙara danna tsakiyar tagar.

Firinta ba ta ce uffan ba.

Na sake dannawa. Kwamfuta ta ce ƙwal.

Na danna sunan Alhaji. Ƙwal. Na danna furanni. Ƙwal. Na je kan ɗan gicciyen nan na lungu, wanda aka ce mini na mai raba wuri ne, na danna. Ƙwal. Katin yana nan a gabana da kyansa da komai, amma ko'ina na taɓa sai wannan ƙara, kamar ana buga mini cokali a goshi.

Baba Mande ya ce, "Mi take cewa?"

Na ce, "Tana shiryawa ne, Baba."

Muka jira ta shirya. Ba ta shirya ba. Gumi ya fara bin bayana a cikin ɗakin da ruwa zai iya daskarewa. In kashe ta in kunna, duk abin da na buga ya tafi, kuma yanzun nan na gama cika musu baki cewa ita ba ta mantuwa. Na waiga na dubi Lawali, irin kallon da ko maƙiyinka ka yi wa zai tausaya. Ya sunkuyo, ya dubi fuskar kwamfutar daga sama har ƙasa (har ƙasa, a lura), ya tsuke baki kamar likita ya ga ciwo mai wuya.

Ya ce, "Yaya," (ranar ce kaɗai ya taɓa ce mini Yaya, da ina da wayo da tun nan na farga) "ina jin zafi ta ɗauka. Sunan Alhaji yana da nauyi, ga furanni. A ɗan taimaka mata da iska."

Ya miƙo mini damin katin nan.

Na karɓa. Allah ya gani, na karɓa. Wanda ruwa ke ci ba ya tambayar takardar shaidar mai miƙo hannu, kuma mutumin ya yi karatun abin a Kaduna. Na buɗe katunan kamar mafici na shiga fifita. Ina durƙushe, hannu ɗaya yana fifita, ɗaya yana dannawa. Fifita, ƙwal. Fifita, ƙwal. Baba Mande, da yake mutum ne mai son taimako, ya matso ya kama hannun babbar rigarsa yana kaɗawa ta ɗaya gefen.

Ya ce, "Ko a jiƙa tsumma a ɗora mata ga kai? Haka muke wa injin niƙa."

Lawali ya ce, "A'a Baba, ruwa ba ya yi mata. Sai dai a ƙara ƙarfin hannu."

Na ƙara ƙarfin hannu. Har hura mata iska na yi da baki ta 'yan ramukan gefe. Alhaji ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa mata daga nesa. Ni kuma bakina bai yi shiru ba, ina ta zuba bayani: wai haka manyan na'urori suke, wai ko a Kaduna sai an lallashe su, wai alamar aiki mai kyau ke nan. Ina magana ina jin madallar nan tawa tana tsiyayewa kamar ruwa a kwando. Can na ji wani sauti a bayana kamar akuya ta shaƙe. Na waiga, Lawali ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka tari ne. Har sannu na yi masa.

Da aka fara kiran azahar sai Alhaji ya yi gyaran murya.

"Kai, tashi ka hau kujerag ga."

Na ce, "Baba, ai nan ma..."

"Na ce ka hau. Tun ɗazu nike kallonka kana aiki kamar mai leƙen gidan maƙwabta. Kujerar aiki ta, ba ta sarauta ba. Hau."

Na miƙe, gwiwoyina suka yi ƙara, na ɗosana mazaunaina a bakin kujera kamar mai zaman makoki. Ina ɗaga ido sai ga ƙasan fuskar kwamfutar ya bayyana, wurin da ban gani ba tun safe. A can, a kan ɗan layin da ke jera sunayen tagogin da suke buɗe, wani ɗan abu yana ta ƙyafta ido. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake ƙyaftawa. Na kai maus na taɓa shi.

Sai ga wata 'yar ƙaramar taga ta fito daga bayan babbar, tsaf da ita, kamar yarinyar da ta ɓuya a bayan ƙyaure. Ashe tun dannawar farko ta fito da tambayarta, dannawata ta biyu ta tura ta baya. Babbar kuma ta rantse ba za ta saurari kowa ba sai an amsa wa ƙaramar. Turancin da ke jikinta gajere ne, ko ɗan aji uku zai karanta. Na karanta. Na dubi firinta. Na dubi hannuna.

Baba Mande ya ce, "To, mi tac ce?"

Da an ba ni numfashi biyu da na ƙirƙiro wani abu. Lawali bai ba ni ba. Ya matso, ya share hawaye, ya fassara da murya kamar mai sanarwa a tasha:

"Baba, cewa ta yi babu takarda a cikin firinta. Tana roƙon a taimaka a ba ta katin da ake yi mata fifita da shi."

Baba Mande ya dubi hannun rigarsa da yake riƙe da shi har lokacin, ya sake shi a hankali. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba tunda na shiga gidan mutanen nan: Alhaji yana dariya. Ba murmushi ba, dariya ta ciki, har da buga kafet, har hularsa ta faɗo. Yana cewa, "Mande, har da kai! Har da ni da tohi!" Baba Mande ya kwanta rigingine yana kiran sunan Allah. Ni ina kan kujera, ita kuma ta ga dama ta fara juyawa da ni a hankali, ta kai fuskata bango. Ban hana ta ba.

Katunan sun fito, kuma sun yi kyau, sai dai kowanne da ɗan lanƙwasa a kusurwa inda na riƙe. Bayan sun tafi na tsare Lawali. Ko musu bai yi ba. Ya ce laifin shirinsa ne tun asali: da ya haɗa shi ya manta bai gaya wa mai raba wuri cewa ƙaramar tagar ɗiyar babbar ce ba. Da ya gaya masa, da kullum a gaban uwarta zai riƙa ajiye ta, ko an danna ko ba a danna ba. Da yake bai sani ba, sai ya ɗauke ta baƙuwa, ya bar ta ta koma baya. Ya ce ya daɗe da sanin tana haka, yana ta cewa zai gyara.

Na ce, "Kuma ka gan ta tana ƙyaftawa?"

Ya ce, "Tun ƙwal na farko. Tsoho, na yi niyyar faɗa, wallahi. Sai na ga yadda ka riƙe katin nan, na ce bari dai in ga iya gudun ruwanka."

Ranar ɗaurin aure kafin in sauka daga mota a Bunguɗu labari ya riga ni. Wasu dattawa suna ganina suka fara kaɗa katin gayyatarsu a fuska. Na yi kamar in juya. Sai aka ce Alhaji yana kira. Na je na durƙusa daga nesa inda na saba, ya ce in matso, na matso, ya ce in ƙara, har sai da na hau tabarmarsa. Mai motar yana can tabarma ta biyu. Alhaji ya ba da labarin da bakinsa, da ƙarin gishirin da Baba Mande ya zuba, aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Da aka lafa sai ya ɗora hannu a kafaɗata ya ce, "Amma ku ji. Yaron ga ya gwammace aikinai shi lalace da shi hau kujera ina ƙasa. Irinsu sun yi kaɗan." Aka yi ta gyaɗa kai. Ya sa aka ajiye mini kwanon nama a gabana.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai, har na ji haushin kaina da jin daɗin. Abin da na koya kuwa bai fi wannan ba: in za ka yi aiki, zauna inda kake ganin abin har ƙasansa, in ya so ka nemi gafara daga baya.

Ina cikin cin naman sai ga Lawali, ya sha hula, ya tsuguna kusa da ni yana washe baki, ya kai hannu cikin kwanona.

Ya ce, "Tsoho, ka ga inda na kai ka? Tabarmar Alhaji! Ai godiya ya kamata ka yi mini."

Na riƙe wuyan hannunsa, na dube shi cikin ido na ce, "Lawali, ni so na yi a ce na iya. Kai ka sa aka ce ina da ladabi. Ka san wanda ake yaba wa da ladabi yana da furfura a gemu? Wanda aka duba sama da ƙasa aka rasa abin da za a yaba masa. Tabarmar na karɓa, ba zan tashi ba, amma kai ban yafe maka ba. Cire hannunka daga naman nan, da gwiwoyina na same shi."